Jatau a Gonar Farare

Ga ta nan, ga ta nanku.

A fadamar Wurno, ƙasa da tudun da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun 1837, akwai wani manomi da ba ya sayar da albasarsa duka. Kowace shekara yakan ware manyan kawuna farare ya adana a rudu har damina ta wuce. Sanyi na shigowa sai ya mayar da su ƙasa, su yi kara, su yi fure, su ba shi iri. Irin farar albasa yake sayarwa, kuma masu saye sun shaide shi da kaya mara gauraye.

A shekarar da abin ya faru, ɗansa ne ya ƙarasa shukar da almuru, lokacin da ido ba ya rarrabe launi. A gindin kwandon akwai kai ɗaya ja wanda ya gangaro daga buhun maƙwabci. Yaro ya turbuɗe shi a tsakiyar fangali, ya karkaɗe hannu, ya tafi sallah. Wannan kai shi ne Jatau.

Jatau ya sha ruwa, ya fid da lawashi, ya tsayar da kara biyu, ɗaya ya girme wa ɗaya da kwana goma. Kowane kara da ƙullin fure a bisansa, a naɗe cikin farar fata mai kama da takarda. A fangalin gefe akwai Tafarnuwa, tsohuwa ce, kuma ba ta iya ɓoye magana ba.

Ta ce, "Ɗana, mai gonar nan yana zagayawa yana tona wuyan kowa. Ranar da ya ga jan wuyanka, ranar zai tumɓuke ka. Ƙwayar irin da ke kanka ba za ta hau tabarmar shanya ba."

Jatau ya ce, "To Inna, ke yaya kike yi?"

"Ni na daɗe da barin harkar aure. Ɓare ni ake yi ƙwaya-ƙwaya a shuka. Kowace ɗiyata ni ce aka sake, ciwon da ya kama ni shi zai kama ta. Kai kuwa ba haka aka halicce ka ba. Kowane ɗan fure a kanka uwa ne, uba ne. Yana da zare shida, kowanne da jakar bununi a bakinsa. A tsakiyarsu akwai tsinke ɗaya da ke gangarawa ɗakin iri, ɗakin kuma ba ya ɗaukar fiye da ƙwaya shida. Abin da ya nuna a kanka, kai ne uwarsa. Bununinka da ya sauka a tsinken wata, kai ne uban abin da ta haifa. Ta wajen uwa an rufe maka ƙofa. Ta wajen uba, gonar nan duka taka ce, in ka sami ɗan aike."

Duk wannan a kunnen Gizo. Hunturu ya matsa masa, kwana uku saƙarsa ba ta kama ko sauro ba. Ya sauko a kan zarensa, da tsamin bakinsa.

"Shalamu alaikum, yanka ya daɗe. Na ji kana neman ɗan aike. Ai wannan ba abin damuwa ba ne. Wa ya taɓa jin labarin bikin da aka yi shi kaɗan-kaɗan? Fure 500 ne a babban karanka. Buɗe su duka da safe ɗaya, ƙanshi ya kai Lugu, ya kai Achida. Zuma da kanta za ta zo da jama'arta. Kafin mai gona ya farga, ka zama uban fadama."

Tafarnuwa ta yi gyaran murya, amma tsoron tumɓukewa ya riga ya toshe wa Jatau kunne. Da dare ya tattara ƙarfin da ya ajiye a kansa tun bara, ya tura shi sama. Gizo kuma ya kwana yana saƙa tsakanin kara biyun.

Gari ya waye da tuntun fure fari fat a saman fadama, shi kaɗai, kamar an kafa tuta. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Zuma, bayanta 'yan'uwanta sun fi talatin. Jatau ya ji nauyinsu a kansa, daɗi ya rufe shi.

Ya kamata a tsaya a dubi aikin Zuma da kyau, domin a nan hasarar take. Tana birgima a cikin zaren fure har gashin jikinta ya yi butu-butu da bununi. Sai ta ɗan tashi ta tsaya a iska, ta sa ƙafafun gaba ta share fuska da ƙirji, ta miƙa wa na tsakiya, su miƙa wa na baya. Ta jiƙa garin da ɗan ruwan zaƙi daga bakinta, ta danna shi cikin kwarmin da ke ƙafarta ta baya, har ya zama curi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar mangalar jaki. Bununin da ya shiga curin nan ya gama aure. Ya jiƙe, ya dunƙule, abinci ya zama.

Jatau ya ce, "Yaya Zuma, in kin isa wurin Farare ki sauke musu saƙona."

Zuma ba maƙaryaciya ba ce. Ta ce, "Ƙanena, wa ya ce maka aike ya kawo ni? Ƙananan da ke amya ba su da tuwo sai wannan. Abin da ya tsere wa tsefata, can tsakanin fikafikaina inda ƙafa ba ta kaiwa, shi ne rabonka. Kuma ka duba Fararen naka."

Jatau ya duba. Yawancinsu ƙullinsu bai ma fashe ba. 'Yan kaɗan da suka soma buɗewa suna kwanakin bununi ne, domin al'adar albasa ke nan: fure yana fara zubar da garinsa kwana ɗaya ko biyu, sai bayan ya ƙare tsinken tsakiya ya miƙe ya yi danƙon karɓa. Haka aka tsara don kada fure ya auri kansa. Ɗan abin da ya isa wurinsu a bayan Zuma ya tarar da ƙofa a kulle, kuma bununin albasa ba ya jira. Iskar hunturu na busar da shi, kwana kaɗan ya mutu.

Kafin azahar an share kan Jatau tas. Gizo kuwa ya naɗe ƙudaje bakwai, yana kwance yana shafa ciki.

Tafarnuwa ta ce, "Taron tsintsiya, ba shara."

Mai karatu kada ya ɗauka rashin sa'ar Jatau ce kaɗai. Masana tsirrai sun zauna sun ƙirga, ƙwaya-ƙwaya, abin da ƙwari ke kwasa da abin da ke isa. A tsirran da bununinsu gari ne warwas, da ƙyar ɗaya cikin 100 ke kaiwa tsinken wani fure na jinsinsa. Sauran an cinye, ko ya zube a hanya, ko ya sauka a gidan da ba nasa ba. Tun da na san wannan lissafi na daina ganin launin fure da ƙanshinsa a matsayin ado. Dabara ce ta uban da ba ya iya tafiya, yana neman wanda zai kai masa ɗaya cikin ɗari.

Da la'asar Ƙoƙi ta zo neman mijinta. Ta ga saƙa, ta ga kan da aka share, ta gane komai ba tare da an faɗa mata ba. Ta haɗa hannuwanta a ƙirji kamar yadda ta saba, kunya ta kama ta.

Ta ce wa Gizo, "Malam, wannan ba ci ba ne, cin amana ne." Ta juya ga Jatau. "Saura kwana goma ƙaramin karanka ya fashe. Ka riƙe shi. Zan je in tambayo yadda sauran iyaye maza ke yi."

Da asuba ta maƙale a buhun wani raƙumi mai haurawa gabas ta bakin gulbin Rima. Kwana biyu suka isa Goronyo. Ƙoƙi ta ga bangon madatsar da aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, wadda aka gina don ta riƙe ruwa kwibik mita miliyan 942, ta ga yadda ruwan ya mayar da rani kaka. A ƙasan madatsar akwai gonar masarar rani, a ciki kuma Kusu yana zaune kan goyon masara ya yage ɓawo.

"Sannu da aiki, Kusu. Wane ne ɗan aiken Masara?"

Kusu ya haɗiye abin da ke bakinsa. "Iska. Ba ta cin ko ƙwaya, ba ta neman lada, amma ba ta san gidan kowa ba. Shi ya sa Masara ba ya ɓata dukiya wajen launi ko zaƙi. Ya kafa tutarsa can ƙoli, ya cika ta da bununi miliyoyi, mara nauyi, mara danƙo. In raɓa ta bushe da hantsi sai ya saki, haka kullum har kusan mako. Goyo ɗaya ƙwayarsa 'yan ɗaruruwa ne. Ki auna miliyoyi da ɗaruruwa, ki ga abin da ƙasa ke sha."

Sai ya ƙara yage ɓawon. "Matso ki ga abin da ba kowa ke lura ba. Wannan gemun, kowane sili ɗaya yana tafiya ga ƙwaya ɗaya, kuma kowace ƙwaya da nata uban. Farar masara aka shuka a nan. To waɗannan fa?"

Ƙoƙi ta leƙa. A cikin jerin fararen ƙwayoyi akwai rawaya guda tara, a warwatse kamar haƙoran makka.

"Ubansu yana gonar can ta gabas, inda iska ke fitowa. Bai taɓa ganin uwarsu ba. Amma in kika shiga tsakiyar gonar nan, taki hamsin daga iyaka, da wuya ki ga rawaya. Saƙon iska kusa yake faɗuwa."

Ƙoƙi ta riƙe abu biyu: uba yana iya barin alama a jikin ɗa, kuma Jatau ba shi da miliyoyi.

Ta fita daga gonakin ruwa zuwa faƙo, inda ba abin da ke tsaye sai tumfafiya. A nan ta ji guɗa mai kauri kamar ta ƙaramin inji. Masassaƙiya ce, baƙar zumar nan ƙatuwa da ke huda azara da gora ta yi ɗaki. Ta sauka a kan ganye tana ta fizgar ƙafa.

"Lafiya, Yaya?"

"Ina fa lafiya. Dubi abin da Tumfafiya ta ɗaura mini."

A ƙarshen ƙafarta akwai wani ɗan baƙin matsi, ƙarami kamar ƙwayar gero da aka raba, yana rataye da jakunkuna biyu rawaya masu sheƙi kamar kakin zuma.

"Duk furannin da nake zuwa, wannan ce ba ta yarda da ni ba ko kaɗan. Ba ta da gari. Ta haɗe bununinta, ɗaruruwan ƙwayoyi, ta liƙe a jaka. Kowane fure jaka goma, biyu-biyu a matsi biyar. Ba ya ciyuwa, ba ya tsefuwa. Furenta kuma sulɓi gare shi, sai ta bar tsaga biyar siriri a jikin ginshiƙin tsakiya. Ina shan zaƙi, ƙafata na neman wurin takawa, sai ta zame cikin tsagar. In na ja sama, matsin ya kama ni. Na tafi da shi ke nan. A wata tumfafiyar ƙafar ta sake zamewa, jakar ta shige tsaga ta tsinke a can."

Ƙoƙi ta ce, "Jaka ɗaya me za ta yi?"

Masassaƙiya ta nuna mata koren ƙwallon da ke rataye, wanda ya fashe audugarsa na bin iska. "Jaka ɗaya ta isa ta cika wannan. Ɗaruruwan ɗiya, ubansu ɗaya. Amma kada ki ce ta gama dabara. Sai mai ƙarfi irina ke iya fizge matsin. Ƙananan ƙwari wani lokaci a tsagar suke maƙalewa su mutu. In ban zo ba, fure ya bushe da jakunkunansa goma. In na zo na yar da jaka a hanya, ɗaruruwa sun tafi lokaci guda. Dubi yawan furenta, ki dubi ƙarancin ƙwallonta."

Ta samu ta huta, sai hira ta yi daɗi. Ta ce Tumatir da Gauta su kuma tandun kwalli suka yi: bununi na cikin bututu, sai ta cije shi ta kaɗa jijiyar fikafikanta har jiki ya ɗau rawa, sannan ɗan kaɗan ya fito ya fesa mata a ciki. Zuma ba ta iya wannan kaɗawar ba, don haka ba ta da rabo a can. "Kuma ba sa ba ni duka. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Wanda ya ba ni duka rana ɗaya, ɗakina zan kai, ɗiyana su ci."

Wannan maganar ta tsaya wa Ƙoƙi a rai, domin abin da ya sami Jatau ke nan.

A kan wani gawo ta haɗu da tsuntsu Sha-kauci, goshinsa rawaya kamar an shafa masa kurkur. Ya ce furen Kauci ja ne siriri kamar tsinken ashana, a rufe yake sai ya tsokane shi da baki, sai ya fashe fat ya watsa masa gari a inda harshe ba ya kaiwa. Bai tsaya dogon bayani ba, ya yi gaba.

A-kori-kurar 'yan kasuwa ta kai ta ƙasar Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Rana ta shida ke nan. Magariba ta same ta a gindin wata ɗorawa kusa da gulbi, kan hanyar Gandi. Jajayen ƙwallayen fure na reto a dogayen igiyoyi, nesa da ganye. Da rana ta ɗauka busassu ne. Duhu na shiga sai suka kumbura, wari mai tsami-tsami ya tashi, ruwan zaƙi ya taru a wuyan kowane ƙwallo har yana ɗiga. Sai ga Jemage, fikafikai kamar tsohuwar laima. Ya rungume ƙwallo ɗaya da ƙafa da fiffike, ya lasa, bai yi numfashi uku ba ya saki.

"Kawu, tsaya in tambaye ka."

Ya rataya kansa ƙasa. Ƙirjinsa da cikinsa duk gari. "Yi sauri, ɗiyata, dare ɗaya Ɗorawa ke ba kowane ƙwallo. Ta san ni. Ta rataye shi a fili don kada fiffikena ya yage a reshe. Ta buɗe da dare don masu kwasa su yi barci. Ta zuba zaƙi da yawa domin cikina babba ne, amma bai isa in ƙoshi a itace ɗaya ba, dole in nemi wata ɗorawar, ko tana bayan gari uku. Kuka ma haka take yi mini da farin furenta in damina ta kawo kai. Kalwar da matan garin nan ke dafawa su yi daddawa, ubanta yana iya zama a inda ba su taɓa zuwa ba."

Ba Jemage ne ƙarshen nisa ba. Duk wanda ya taɓa ɓare ɗan ɓaure ya ga 'yan ƙwarin da ke ciki. Su ne 'yan aikensa, kwana ɗaya ko biyu suke yi a duniya, kuma suna da aljihu a ƙirji da suke cusa bununi a ciki da gangan. A 2009 masu bincike suka bayyana abin da suka gano a bakin kogin Ugab na ƙasar Namibiya: sun bi diddigin 'ya'yan ɓaure, suka sami wanda ubansa ke nesa da uwarsa kilomita 160. Ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya hau iskar dare ya kai saƙon.

Ƙoƙi ta iso Wurno a daren kwana na tara, ƙafafunta sun yi fari da ƙura. Fatar ƙullin Jatau ta fara tsagewa. Ta zauna ta zayyana masa duk abin da ta gani. Da ta gama, Jatau ya yi shiru har ta ɗauka barci ya yi.

"Uwargida, kin wahala, Allah ya saka. Amma ba ni da miliyoyin Masara. Ba ni da matsin Tumfafiya, ba ni da bindigar Kauci. Furena a buɗe yake kamar faifai, kowa ya zo ya ɗiba."

Tafarnuwa ta ce, "Ka lissafa abin da ba ka da shi. Me kake da shi?"

"Ƙananan furanni 400. Kara mai tsawo. Ɗan ruwan zaƙi a gindin zare, ba zurfi."

"Wa ke iya shan ruwan da ba zurfi?"

Wata murya ta amsa daga ƙarƙashin lawashi, a tsorace. "Ni."

Koren Ƙuda ce. Kowa ya san ta, ba mai son ta. A mahauta ake ganinta, a juji ake ganinta, duk inda ta sauka hannu ke bin ta. Ta fito rabi, idonta na kan Ƙoƙi, domin ta san me waɗannan hannuwan da aka haɗa a ƙirji suke yi.

Ta ce, "Bakina gajere ne, furen da ke da rijiya ba nawa ba ne. Naka kuwa ina lasa ba wahala. Zuma tana ƙyamar ruwanka, ta ce yana da ɗanɗanon toka, in ta sami mangwaro ko gawo ba za ta waiwaye ka ba. Ni bai dame ni ba. Kuma ba ni da kwarmi a ƙafa. Ɗiyana ba bununi suke ci ba, kowa ya san abin da suke ci. Abin da ya maƙale a gashina yana nan har in goga shi a wani wuri. Ga shi ba na iya zama. Motsi kaɗan na tashi, in sauka a kan na gaba."

Gaskiya ta faɗa. Ruwan furen albasa yana da sinadarin fotashiyam da yawa, kuma ƙudan zuma kan bar shi in akwai wani fure kusa. Masu kyautata irin albasa a Amurka tun shekarun 1930 suke kiwon irin wannan ƙuda suna sakinsa cikin kejin raga, idan suna son haɗa wata albasa da wata. Abin da muke kora daga kan nama yana cikin masu cika mana gwangwanin iri, kuma duk manomin da ya yi feshin magani da hantsi a gonar da ke fure, 'yan aikensa yake kashewa.

Ƙuda ta ce, "Sharaɗina biyu. Saƙar nan ta tafi. Uwargida kuma ta koma bakin gona."

Ƙoƙi ba ta yi musu ba. Ta ɗaga hannu ɗaya ta tsinke zaren mijinta, ta ja shi yana ƙunƙuni har gindin bagaruwa, ta zauna a kan hanyarsa. Kwanakin da suka biyo baya fara take ci, ba ta taɓa ƙuda ba.

Jatau ya buɗe fure goma sha biyar a rana ta farko. A kowane fure ma bai saki duka ba: jakunkuna uku na ciki su fara, na waje uku su biyo baya. Zuma ta zo, ta zagaya, ta ga abin bai kai curi ba, ta wuce. Ƙuda ta zo da danginta, da wasu ƙananan zuma na ƙasa waɗanda ba su da amya. Suna tafiya a kan tuntun, cikinsu na gogar zare, su tashi. Karan Jatau ya fi na kowa tsawo a fangalin, saboda haka da shi suke farawa in sun fito da hantsi, daga nan su gangara kan Farare.

A rana ta huɗu Farare suka shiga ganiyarsu. Ko'ina ka duba tsinke ya miƙe, bakinsa na sheƙi da danƙo. A ranar Jatau yana da sabon gari. A rana ta biyar ma yana da shi, da ta takwas, da ta goma. Wadda ta yi sammakon nuna ta samu, wadda ta makara ta samu. Da yamma Ƙuda kan dawo ta faɗa masa inda ta je: fangali na uku, bakin rijiya, har ƙarshen gona wajen injin ban-ruwa.

A rana ta goma sha uku mai gona ya tsuguna a gindinsa. Ya tona da yatsa, ya ga ja. Ya yi salati, ya kira ɗansa ya nuna masa, sannan ya kama kara biyun ya fizge. Kusan rabin furannin Jatau ba su buɗe ba. Suka tafi da bununinsu a ciki, kamar jakunkunan tumfafiyar da Masassaƙiya ba ta zo ba. Ya jefa shi bayan shinge, gindin bagaruwa, kusa da Ƙoƙi.

Ta ce, "Da ka san yau zai zo, da ka ƙara hannu."

Jatau ya ce, "Da na ƙara, da Zuma ta dawo." Bai sake magana ba. Rana ta yi kwana uku tana busar da shi, wata akuya ta ƙarasa.

Mai gona ya yanke kawunan iri da suka fara buɗe baki, ya shanya a tabarma, ya murje, ya sheƙe. Iri baƙi ƙirin, mai kusurwa, kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta, ba mai iya cewa ga ɗan wane. Ya ajiye nasa, sauran ya auna wa masu saye a Achida. Damina ta zo ta wuce. Aka yafa iri, aka yi dashe, aka yi ta ban-ruwa har lawashi ya kwanta.

Ranar tono, mai gona ya ga abin da bai taɓa gani a gonarsa ba. A cikin tulin farare, nan da can, akwai kawuna masu ruwan hoda, waɗansu har sun yi ja sosai a wuya. Ransa ya ɓaci, kuma yana da hujja: sunansa ne a kan irin. Masu noman iri na gaskiya sukan raba fara da ja da tazarar kilomita ko fiye saboda irin wannan, shi kuwa ja ɗaya ne ya yi kwana goma sha uku yana fure a tsakiyar gonarsa. Daga shekarar bai sake bari a shuka masa kan iri da almuru ba.

Ƙoƙi ta bi tulin tana ƙirgawa har lissafi ya ɓace mata. Raƙumin da ya taɓa ɗaukarta ya ce ya ga irinsu a gonakin ƙasan madatsar Goronyo. Jemage ya ce akwai su a wani lambu a Gandi. Gizo ya hau saman buhu yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi ne ya fara ba Jatau shawara. Koren Ƙuda ta sauka a kan ɗaya daga cikin jajayen, ta goga hannuwanta, wani yaro ya kai mata duka, ta tashi.

Da yamma uwargidan mai gona ta zo kawo abinci. Ta ga an ware masu ruwan hodan gefe guda za a sayar da araha. Ta tsuguna ta zaɓi goma sha biyu masu tauri, ta ƙulle a gefen zanenta. Ta ce na miya ne. Da ta isa gida ta yanka biyu, goman kuma ta sa a rudu.

Ƙurunƙus.